Tsohon da Ke Cikin Labarin Hafsatu

A shekarar 1976, lokacin da kuɗin mai ya mayar da mu manyan ma'aikata 'yan jirgin sama, yau Legas gobe Landan, na sayo wa 'yata Hafsatu tafireta. Shekararta goma sha huɗu. Ni ne kuma na cika mata ɗaki da littattafan jarumai da dodanni. Don haka da mahaifiyarta ta ce mini yarinyar ta rubuta nata labarin, har da wani hatsabibin tsoho mai hikima da ke nuna wa jarumar hanya, ban ma tambayi ko wa ta kwaikwaya ba. Wa kuwa in ba ni ba? Furfura ta fara fito mini a gemu, kuma duk faɗin Nassarawa GRA ba wanda ya kai ni ba da shawara, ko an nema ko ba a nema ba.

Ranar Asabar da safe na baje a baranda da shayina, na buɗe takardun. A shafi na huɗu tsohon ya bayyana. Ba babbar riga, ba tabarau, sai wata hula da rana ta cinye. Kafin ya yi magana sai ya ɗebi ƙasa ya shinshina. In jarumar ta kawo masa tambaya ba ya amsawa, sai ya ce, "To, ke me kika gani?" Ɗan yatsansa ɗaya guntu ne.

Na ɗaga kai. Ga Shu'aibu mai kula mana da lambu, mutumin Ringim, durƙushe a gindin lemo da ƙasa a tafin hannu, ga guntun yatsan nan.

Wallahi shayin nan ɗaci ya koma mini. Kishi ne, ba zan ɓoye ba, kishin mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba. Na ƙwala masa kira.

"Shu'aibu, ashe kai ne malamin hikima a gidan nan?"

"Ni kuma, ranka ya daɗe? Ai in ta zo da tambayoyinta ina cikin ban ruwa, ban san amsa ba, sai in mayar mata da abinta."

Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ko ƙoƙari bai yi ba.

Na sa aka kira Hafsatu, na gyara murya. Na ce labari ya yi kyau, sai dai irin wannan tsoho ya kamata a ce ya zaga duniya, ya yi karatu mai zurfi.

"A'a Baba, ai shi ba ya zuwa ko'ina. Duk sanda ta neme shi yana nan."

Can dai na kasa daurewa.

"To ni fa? Babu ni a ciki?"

"Kana ciki mana! Duba shafi na biyu." Ta faɗa da murnarta, ta ruga cikin gida.

Na duba. Ga sarki, uban jarumar, mutumin kirki. Ya ba ta kyautar farin doki, ya shafa kanta, ya shiga jirgin ruwa zuwa wata ƙasa. Layi uku ke nan.

Na bi sauran shafuka talatin da yatsa, layi bayan layi, har ƙarshe. Sarkin bai dawo ba, kuma ba wanda ya tambayi inda yake.