Ƙafar da ke Taka Birki

Shekara shida Auta ta yi a ɗakin bincike tana leƙen jijiyoyin ɓeraye. Ta san yadda yawan sukari ke sa sinadarin fosfet ya liƙe wa furotin ɗin jijiya, har jijiyar ta daina kai saƙo. Amma duk wannan karatu, sai ga mahaifinta, direban motar 'yan makaranta, ya raina mata hankali da gilashin kabad.

Tun da ciwon sukari ya kama shi, duk wata takan zaunar da shi a falo, ta cire masa safa, ta riƙa taɓa tafin ƙafarsa da siririn tsinken roba don ta gwada ko yana ji. Shi kuwa sai ya kau da kai kamar mutumin kirki, yana cewa, "Na ji. Nan ma na ji." Yau da ta ɗago, idonsu ya haɗu a cikin gilashin. Ashe hannunta yake kallo! Ranta ya ɓaci.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun yaushe me, Likita?" Haka yake kiranta in yana so ya kashe magana da wasa.

"Da wannan ƙafar kake taka birki! Ga yara talatin a bayanka!"

"Shekara ashirin da bakwai ko akuya ban taɓa bugewa ba. Ni ba ɓeranki ba ne."

"Ai ɓera bai taɓa yi mini ƙarya ba, Baba."

Ya murtuke fuska. In ya bar motar nan, sai zaman gida da rediyo, shi da bai iya zama ba. Ta san haka. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ya bar mata mugun aikin raba shi da motar, ita 'yar cikinsa.

"To a sake," in ji shi. Ya fizgi gyalenta ya ɗaure idonsa da kansa. "In na faɗi gwajin, ga makullin mota can kan tebur, ki kai wa hukumar makarantar."

Ta ajiye tsinken. Ta kama ƙafarsa ta dama da hannu biyu, ƙafar da ta yi shekaru tana kai ta makaranta, ta matse da duk ƙarfinta har farcenta ya yi shaida a fatar. Ta daɗe a haka, hawaye na ɗiga kan yatsunsa.

"Ki fara mana," ya ce. "Me kike jira?"