Faɗin Ƙofar Jirgi

Sakkwato ba mu da jirgin ƙasa, don haka Zaituna, ɗiyata ta biyu, a waya kawai ta san shi. Shekararta takwas, kuma tun tana goye ƙafafunta ba su ɗaukar ta. Da likitanmu ya tura mu Abuja wurin likitan ƙashi, muka yanke mu bi mota zuwa Kaduna, daga nan mu hau jirgi. Murnarta ba ta daɗe ba. Ta kira ni ɗaki ta ce, "Mama, in dai ɗaukata za a yi a gaban mutane, ni ban zuwa."

Na san dalili. A wani biki a Ƙofar Taramniya kekenta ya ƙi shiga zaure, babanta ya saɓe ta a kafaɗa, mata suka yi ta "wayyo, baiwar Allah". Ranar ko abinci ba ta ci ba. Na yi mata alkawari a kan kekenta za ta shiga jirgin, sannan na zauna ina tunanin yadda zan cika shi.

Na kira yayana Illo, wanda ke Kaduna yana bin jirgin nan da kayan yadi. Na ce ya auno mini ƙofar. Bayan ya dawo ya bugo. "Na tambayi ma'aikatan, sun ce za su ba ta wuri kusa da ƙofa. Faɗin kuma kamu ɗaya ne da taƙi ɗaya."

Mu duka 'ya'yan masu yadi ne, da hannu muka tashi muna awo, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, sai a ƙara da buɗin tafi. Maigidana Gidaɗo ma sana'arsa ke nan. Da la'asar ya jawo bencina biyu tsakar gida, ya aza hannunsa ya auna, ya ce, "Ga ƙofar jirgi."

Zaituna ta turo keken. Tayoyin suka daki bencinan, gefe da gefe. Ta ja baya ta sake gwadawa, suka sake daka. Ba ta yi kuka ba, kai kawai ta sunkuyar, ni kuwa gara mini kukan.

"Mi ne ne a ciki?" in ji Gidaɗo cikin lallashi. "Ɗagawa ɗaya ce, uwata. Kafin kowa ya waiga kin zauna."

"Mama ta yi alkawari."

Ya dube ni, na dube shi. Sai ya ce a kai keken Tudun Wada wurin Ladan mai walda a rage masa faɗi. Washegari na tafi da kaina. Ladan ya zagaya keken ya ce zai iya, amma sai an matse mazaunin. Na sa tafina tsakanin ƙarfen da inda ƙugunta ke zama, da ƙyar ya shige. In aka matse, kafin mu kai Gusau fatarta ta saluɓe. Na ce ya dakata tukuna, na dawo da keken gida rai a jagule.

Na tarar da Inna Delu, surukata, zaune bisa ɗaya daga cikin bencinan tana tsince zogale. Na gaya mata yadda muka yi. Sai ta ce, "Mariyatu, wa ya auno ƙofar can?"

"Yaya Illo."

"Wanga dogon, da ke duƙawa in zai shigo muna zaure? To wa ya auna ta nan?"

Gidaɗo na bakin randa yana shan ruwa. Muka juya gaba ɗaya muka dubi hannunsa.

"Inna, ni ma ai ba gajere ba ne."

"Ni na haife ka. Ubanka ma ya san abin da ya sa yake aje ka a shago ranar sayarwa, ya tura wani ranar saye."

Zaituna ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. Ni dai ban yi ba, don ban tabbatar ba tukuna. Na sake kiran Yaya Illo na ce kada ya ƙara gaya mini kamu ko taƙi. Ya tafi da ƙyalle, ya miƙa shi daga wannan gefen ƙofar zuwa wancan, ya yanke daidai, ya ba direban Sakkwato. Na ce ya duba mini har ƙofar ciki da ratar da ke tsakanin dakalin tasha da jirgin.

Ƙyallen ya iso cikin leda, shuɗin yadi, an ɗaura masa ɗan guntu na ratar. Na shimfiɗa shi ƙasa, muka matsar da bencinan zuwa bakinsa. Ƙofar ta buɗe sosai. Ratar kuwa, Gidaɗo ya ce katakon da yake naɗe yadi a kai zai rufe ta, ya ɗauko ya aza.

Inna ta tsaya a bakin bencinan ta miƙa hannu. "Hajiya, tikiti."

Zaituna ta ba ta ganyen zogale. Ta tura keken ya hau katakon, ya shige, amma bayan hannunta ya gogi benci. Na nuna mata ta tura da ƙarfi tun daga baya, in ta zo daidai ƙofa ta ɗauke hannuwa ta aza a cinya. Ta gwada, ta wuce sumul, har ta kusa kai wa randa karo.

Babanta ya taso zai tare ta. Ta juyo da keken da kanta.

"Baba, kai katakon za ka riƙe. Kada ka taɓa ni."

"To, ranki ya daɗe."

Na naɗe shuɗin ƙyallen na sa a jakar tafiya, kusa da magungunanta. Ita kuwa ta riga ta koma bayan katakon, tana cewa Inna ta sake tambayar ta tikiti.