Tafintan da aka kira wa Dominga

Ni na kai Dominga asibitin ma'aikatan gona, ranar da na ga ta kasa ɗaga bokitin tumatir. Shekara biyu ke nan muna tsinka a kuyya ɗaya a garin Immokalee, inda muke ci-rani. Mijinta Fermín ne ya murɗe mata hannu, don ta sayo masa tortiya, wato gurasar masara, a kanti, ba ta gasa da kanta kamar yadda uwarsa ke yi ba.

A mota ta ce, "Yau zan faɗa, Doña Chela. Sai dai Sifaniyancina ba ya kaiwa inda ciwon yake."

"Wane Sifaniyanci?" na ce. "Ke da ba ki wuce 'sannu' da 'gobe' ba."

Ta yi 'yar dariya, ta dafe kafaɗa.

Nas ɗin mai kirki ce. Ta ce akwai gidan da ake ɓoye mata da 'ya'yansu, ba a tambayar takardun zama, amma sai maganar ta fito daga bakin Dominga. Ni kuwa, da zuciya ɗaya, na roƙa a nemo tafinta mai jin Mam, yaren ƙauyensu a Guatemala.

Wanda ya shigo Don Anselmo ne, hularsa a hannu. Shi ne uban baftismar ɗiyarta, wanda ya tsaya wa yarinyar a coci. Ban sani ba. A wurinsu mace ba ta haɗa ido da uban baftismar ɗanta, balle ta tona asirin gidanta a gabansa.

Dominga ta miƙe tsaye, ta sunkuyar da kai.

"Zauna, uwar ɗiyata," ya ce. "Har kin rame! Fermín ya daina ciyar da ke ne?" Ya yi dariya shi kaɗai.

Bai murguɗa magana ba, wannan zan shaide shi. Sau uku nas ta tambaya ko akwai mai dukanta a gida, sau uku ya juya mata zuwa Mam.

"Daga tsani na faɗo," in ji Dominga.

Babu tsani a gonar tumatir. Nas ta sani. Ta ɗaure hannun, ta tura wata ƙaramar takarda mai lambar wayar gidan ɓoyon zuwa gefen tebur. Dominga ba ta taɓa ta ba.

"Kada ki wahala, Doña Chela," in ji Don Anselmo a bakin ƙofa. "Hanyata ce, zan sauke ta a gida."

Ta shiga motarsa ba ta waiwayo ba.