Saƙon Lami

"Bar ta ta gama karatunta, ke dai. In ta yi fushi wa zai rubuta muna wasiƙa?"

Furera ce ta faɗa ta bayan zana, tana tankaɗe, ba ta san Saratu ta shigo ba. Saratu ta tsaya da Linjila cikin gyale har dariyar ta lafa, sannan ta yi sallama.

Shekara biyu kenan da samun 'yancin kai, kuma duk unguwar nan ta Dakoro ita kaɗai ce macen da ta yi babbar lakwal, makarantar boko, a Maraɗi. Ubanta Jimrau ya karɓi addinin Kirista wurin 'yan mishan da suka warkar mashi da ƙafa, matarshi Lami ta bi shi. Shi yana wa'azi bakin kasuwa, mutane na ratse shi kamar kututture. Saratu ba ta iya magana cikin taro, sai ta zaɓi gidan yayar uwarta, Inna Uwale. Kullum bayan la'asar mata su taru, ta karanta masu labarin Yesu, su ce madalla, kana ta rubuta wa mazansu da suka tafi ci-rani Najeriya. Har ƙoƙon ruwa nata na daban aka ware mata. Wata bakwai tana ɗaukar wannan girmamawa ce.

Ran nan ma ta zauna ta karanta. Sai dai yanzu tana ɗago ido. Zainabu na gyangyaɗi. Furera na riƙe da tambur ɗin da za ta liƙa wa wasiƙarta, tana kaɗa ƙafa. Da ta kai aya suka ce madalla baki ɗaya, kamar an sauke masu tulu.

"Malama, ce mashi akuyar ta haihu," in ji Furera. "Ce mashi in ya manta hanyar gida, motar kamiyo ta san ta."

Ta rubuta.

A gida kuwa Lami na kwance tun farkon damina, tari ya cinye ta. Likita ya ce su koma da ita, babu sauran magani. Kowace safiya sai ta riƙo zanen ɗiyarta.

"Kin tambaye ta?"

"Gobe, Iya."

Inna Uwale ce ke wa matan unguwar wankan gawa, shekara ashirin. Masu bi a garin ba su wuce gida uku ba, kuma babu babbar mace cikinsu. Lami ba ta tsoron tafiya, ta ce ta san wurin wanda za ta. Abin da ke hana ta barci, kada a sa ta ƙasa babu hannun ɗan'uwa a jikinta. Da can Saratu na ce wa kanta a jira kaɗan, maganar Allah na shiga, ga Inna ma tana saurare, wata rana ba sai an tambaya ba.

Ta yi kwana shida ba ta je karatu ba. Babu wadda ta zo jin ko lafiya, sai Zainabu da ta leƙo ta katanga ta ce wasiƙarta ta iso, tana son a duba mata.

Ran na bakwai Lami ta kasa haɗiye kunu. Saratu ta bar littafin kan tabarma ta fita da hantsi. Ta iske Inna Uwale ita kaɗai, tana sussukar hatsi.

"Yau ba karatu, 'yar nan? Ya jikin nata?"

"Da sauƙi," ta ce, don haka ake cewa.

"Allah shi ƙara. Kullum ina cewa zan leƙo."

Tsakanin gidajen biyu bai fi taku ɗari ba. Saratu ta durƙusa, ta kalli ƙasa, muryarta ta fito ƙarama.

"Inna, in ƙanwarki ta cika, za ki zo ki yi mata wanka?"