Ƙuri'ar Allura

Shekara ashirin da bakwai Mai Sikeli ya yi yana auna buhuna a kamfanin sabulu, kuma ba a taɓa jin ra'ayinsa a kan komai ba sai nauyin buhu. Ɗansa kuwa, mai gyaran injin kamfanin, ba a banza ake ce masa Lauya ba. Ko ce masa ka yi ruwa na jiƙa mutum, sai ya nemi hujja. Su biyu suka rage a gidansu na kwatas ɗin ma'aikata tun rasuwar uwar Lauya, kuma a tire ɗaya suke cin abinci.

Da zaɓe ya ƙarato, manaja ya tara ma'aikata a gaban sito. Ya ce surukin mai kamfani ya fito takara, alamarsa tsani. Ba a tilasta wa kowa, in ji shi, Allah ya kiyaye. Sai dai akwatin kwatas daban yake, kuma a bainar jama'a ake ƙirga shi. Kowa ya gane karatun, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ban da Lauya. Shi mai alamar allura yake so, wanda ya ce zai tsaya wa ma'aikata su kafa ƙungiya. Ya faɗa a wurin cin abinci, ya faɗa a bakin famfo, har mai gadi sai da ya sha wa'azi.

"Ka iya bakinka," in ji uban wata rana suna cin abinci. "Ba a ja da wanda ya ba ka wurin kwana."

"Baba, ɗaki ya ba mu, ba yatsunmu ya saya ba. Tsoro ne kawai ya cinye ku."

Mai Sikeli ya tsame hannunsa daga tiren. Daga ranar kwano biyu aka koma. Sati uku babu abin da ke haɗa su sai gaisuwa. In ya ji takun yaron a ƙofa, sai ya duƙufa kan rediyo kamar mai gyara. Kewar ɗansa ta ishe shi, alhali bango ɗaya ne tsakaninsu.

Ranar zaɓe ya shiga bayan labule da takarda a hannu, maganar nan ta tsoro tana ci masa rai. Ya yi lissafi irin nasa: in aka ƙirga aka ga allura biyu, ba za a ce Lauya ne kaɗai ba. Ya dangwala wa allura, ya jefa a akwati, ya fito.

Da yamma aka juye akwati a gaban kowa. Tsani ɗari da arba'in da uku. Allura ɗaya.

Duk idanu suka koma kan Lauya. Mai Sikeli kuwa ƙasa ya kalla, don shi bai taɓa kuskuren awo ba, kuma ya san ta wane ce ɗayar.

Ran Litinin aka ba Lauya takardar sallama, wai ana rage ma'aikata. Mutum ɗaya aka rage. Uban ya dawo ya tarar da shi yana cusa kaya a jaka, zai tafi wani gari neman aiki.

"Baba, wallahi tsani na dangwala," ya ce, bai ɗago ba. "Na ce kada bakina ya sa a fitar da ku daga ɗakin da Inna ta rasu. Na rantse wa manaja, dariya ya yi. Babu wanda ya yarda."

"Ni na yarda."

"Ai ku dole ku ce haka."

"Ba dole ba ne. Na san mai allurar."

Lauya ya ɗago ya dube shi. A karo na farko a rayuwarsa bai nemi hujja ba.

Mai Sikeli ya ɗauki hularsa. "Bari in je wurin manaja."

Yaron ya tare ƙofa. "In kuka je, mu biyu za a kora, ɗakin ma ya tafi. Ku zauna, Baba." Ya durƙusa ya yi masa sallama, ya saɓa jaka.

Da lokacin cin abinci ya yi, Mai Sikeli ya sauko da tiren nan daga saman kabad, ya goge masa ƙurar sati uku. Ya zuba abinci, sai ya ga tiren ya yi wa mutum ɗaya girma.