Ruwan da Inna Ta Ƙi Sha

Wata uku ke nan da aka ja famfo har tsakar gidansu, amma Inna ba ta taɓa kai ruwansa baki ba. Wanki da wanke-wanke dai ta yarda. Na sha kuwa sai na tsohuwar rijiyar bayan gari, wadda za a rufe ranar Asabar saboda ta gurɓace.

Auta ya san dalili. Ruwan famfon nan daga teku ake jawo shi, a tace shi a matatar da gwamnati da wani kamfani suka gina, inda shi yake aikin wanke rariyoyin tacewa. Teku kuwa ita ta haɗiye babansa da kwalekwalensa, ko hularsa ba ta dawo da ita ba.

Ranar Juma'a da yamma ya tarar da ita a kan dakali tana murza gwiwa, jarka a gefe babu ko ɗigo. Ƙafa ta ƙi kai ta rijiyar. Zai iya ɗaukar jarkar ya je, amma gobe fa?

"Inna, tun safe ba ki sha komai ba?"

"Yawuna bai ƙare ba."

"Ruwan nan lafiyarsa ƙalau. Haɗin gwiwa aka yi, gwamnati ta ba da fili, kamfani ya kawo injina."

"Su da suke da gwiwar haɗawa. Ni tawa ko miƙewa ta ƙi."

Ya yi dariya, ya zauna a ƙasa, ya ɗora ƙafarta a cinyarsa yana matsawa a hankali.

Can ta ce, "Auta, gishirin da kuke cirewa, ina kuke kai shi?"

"Mayar wa teku da abinta muke yi. Bututunsa daban."

"Duka?"

"Duka. Kuma ni nake wanke rariyar, Inna. Sai ya bi ta hannuna kafin ya iso gidan nan."

Ta daɗe tana kallon hannun da ke kan gwiwarta, faffaɗa, mai kaushi, sak na babansa.

"To ɗebo mini. A kofin babanka."

Ya sauko da kofin daga saman kwaba, ya ɗauraye ƙurar, ya cika shi. Ta kurɓa, ta riƙe ruwan a baki kamar mai jiran a yi mata gardama, sannan ta haɗiye.

"Yaya, Inna?"

"Teku ta riƙe gishirinta," ta ce, tana share ido da bakin mayafi. Ta miƙo masa kofin. "Ƙaro."