Muryar Mai Famfo a Cikin Bututu

A zuriyar nan kowa ya san kakansu da sunan Mai Famfo, ko da yake babu jikan da ya taɓa ganinsa. Aikinsa shimfiɗa bututun ruwa a ƙarƙashin titi. Ta hanyar sana'ar ma ya samu mata. Ya zo gyaran famfon gidansu, ya gyara, washegari ya dawo wai akwai sauran yoyo. Sai da ya yi zuwa biyar mahaifinta ya ce masa, "Yaro, famfon nan lafiyarsa ƙalau. Faɗi abin da ke tafe da kai."

Shekara goma sha bakwai suka yi tare, 'ya'ya biyar, na shida a ciki. Shugaba yake kiran ta, wai ita ce mai ba da umarni a gidan, shi ɗan aike ne kawai.

Wata rana da hantsi tana kan keken ɗinki, sai ga direban motar aikinsu a bakin ƙofa, ko sallama babu, laka har gwiwa.

"Ki zo. Rami ya rufta da shi."

"Yana da rai?"

"Yana magana."

Ba ta san lokacin da ta shiga motar ba. A bayan kasuwa suka tsaya, inda aka haƙa dogon rami a gefen titi. Ruwan sama na kwana biyu ya jiƙa ƙasar, gefe guda ya zube. Mutane sun kai ashirin suna tono, wasu da shebur, wasu da hannu. Motar haƙa tana gefe a kashe. Ogan aikin ya ce idan aka tayar da ita, nauyinta zai ƙarasa shi.

"Da ya ji ƙasa na zuwa sai ya cusa kansa da ƙirjinsa cikin bututu," in ji ogan. "Ƙafafun ne aka danne. Ga ɗaya bakin bututun can, zai ji ki."

Ta sauka da tsani, ta durƙusa a cikin laka, ta sa bakinta a bututun.

"Baban yara?"

Can sai murya ta taso daga nesa, a shaƙe.

"Shugaba, wa ya tayar miki da hankali? Da wannan cikin kika shigo rami?"

"Rufe min baki. Ina ke maka ciwo?"

"Ai da ciwon ne da na gode. Ban jin ƙafafun."

Duk shebur goma da aka kwashe, sai biyar su dawo daga sama. Wata babbar mota ta ratsa titin, ƙasa ta girgiza, ta ji yana tari ba ƙaƙƙautawa. Ta hau tsanin nan ta tsaya a tsakiyar titi ta buɗe hannuwa. Direbobi suka yi ta oda, ko gezau ba ta yi ba, har 'yan kasuwa suka jawo tebura suka tare hanya.

Da ta dawo sai ta ga ruwa na bin ƙasan bututun, siriri, ja da laka.

"Tsohon bututu ya fashe," ya ce. "Ki ce musu makunnin rufe ruwan yana gaban shagon mai walda, ƙarƙashin murfin ƙarfe. Hagu za su juya a wannan, ba dama ba."

Ta ɗaga murya ta faɗa. Mutum biyu suka ruga. Tana kallon ruwan yana hawa yatsunta, ya rufe bayan hannunta, ya kai wuyan hannu. Sannan ya tsaya.

"Shugaba."

"Ina ji."

"Babbar yarinyar nan, kada ki bari ta bar karatu don ta taya ki ɗinki. Na san halinta, za ta ce ita ta so."

"Kai za ka faɗa mata da bakinka."

Ya yi wata 'yar dariya. Daga nan amsarsa ta koma "uhm", ita kuwa ta yi ta zuba, labarin yara, labarin maƙwabta, duk abin da ya zo bakinta, don kada ya yi barci.

Da la'asar suka kai gare shi. Da ransa aka fito da shi, ya buɗe ido ya dube ta. Amma da aka ɗauke nauyin ƙasar sai jikinsa ya saki. A mota ya cika, kansa a cinyarta, suna dab da isa asibiti.

Ta iso gida da magariba. Yaran na zaune a jere a bakin ƙofa, babu mai wasa. Ƙaramin ne ya taso ya kama zanenta, ya tambaye ta me ya sa ta yi datti haka.

Bayan wata uku ta haifi namiji. Ba ta sake aure ba, da keken ɗinkin ta raine su su shida. Ta rayu shekara arba'in da ɗaya bayansa, ta ga jikoki ashirin da uku, kuma daga bakinta duk suka ji wannan labarin.